Shekara Bakwai Da Dariyar Da Na Yi Wa Ilu

Shekara bakwai ke nan, a wannan damina, da muka binne Ilu a Daudawa. Na saba duk shekara in lokacin ya zagayo in hau babur in je in gaida Kawu, mahaifinsa, mu yi addu'a, in juyo Ƙanƙara kafin la'asar. Bana ban je ba. Ina rubuta wannan ne a kan benci a barandar asibiti, takarda a kan gwiwata, ƙanwar Ilu kuma tana kwance a ciki an ɗaura mata ƙarin ruwa. Ban san ko za ta tashi ba. Likitan ma bai ce mini ya sani ba.

Ilu taubashina ne. Mahaifiyata da mahaifinsa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma kowa ya san abin da ke tsakanin taubasai: ba a gaisuwar arziki, sai an tsokani juna. Tun muna yara muke musun wane ne bawan wani, har ya koma ga Allah ba mu daidaita ba. Da na zama malamin firamare ya raɗa mini Ci-alli, sunan ya bi ni har gidan surukaina. Ni kuma ina ce masa Ɗan-taɓo, don ba ka taɓa ganin ƙafarsa da damina ba laka. Manomi ne na gaske, mai garmar shanu, wanda in ya ja kunya za ka rantse da igiya aka auna. Shekara arba'in da wani abu muka yi tare, ban tuna ranar da ya kira ni da sunana na yanka ba, sai guda ɗaya.

Abin da ya kashe shi, in na faɗa maka za ka raina. Yana huɗa bakin garma ya kufce ya tsaga masa ƙwauri, tsagar da ba ta kai tsawon yatsa ba. Ya yi abin da duk manomin wajenmu zai yi: ya tsiyaya man birki a kai, ya ɗaure da ƙyalle, ya koma bayan shanunsa. Kwana uku ya ƙara yi cikin laka da ƙafar, don ruwa ya zauna kuma huɗa ba ta jira. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mun san karin maganar sarai, ba mu dai taɓa kawo ta kan fatar mutum ba.

A rana ta huɗu zazzaɓi ya kama shi da rawar sanyi. Da damina kuwa zazzaɓi ɗaya muka sani, na cizon sauro, don haka aka sayo magani a kemis aka ba shi. Washegari idonsa ya soma yin rawaya, sai Kawu ya duba ya yanke hukunci: shawara ce. Daga nan ƙofar asibiti ta rufe, domin tun kaka da kakanni muka taso muka ji cewa mai shawara ba a yi masa allura, in an yi ya tafi ke nan. Aka jiƙa saiwar rawaya aka riƙa ɗura masa. Ba don ƙi aka yi ba. Kawu yana son ɗansa fiye da yadda nake son sa, kuma abin da ya gada shi ya yi.

Ni na isa da hantsi a rana ta shida, da babur ɗina cike da mai. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: akwai babur, akwai mai, rana kuma ba ta yi ba. Na tarar an shimfiɗa masa tabarma a zaure. Kawu ya tare ni da fara'a ya ce zazzaɓin ya sauka tun da asuba, a gode wa Allah. Na taɓa goshin Ilu na ji shi sanyi ƙalau, da danshin zufa, na ce alhamdulillahi da bakina. Na ga yana numfashi da sauri-sauri kamar wanda ya yi tseren gudu, na ce a raina gajiyar ciwo ce.

Ya buɗe ido ya dube ni ya ce, "Je ka kwance Goje, ka ba shi ruwa. Tun ɗazu shina rana."

Goje wani sa ne da Kawu ya sayar tun kafin in yi aure. Na kwashe da dariya. Na ɗauka sabon salon aiken bawa ne ya ƙirƙiro, yana kwance ma ba zai bar ni in huta ba. Na ce masa in ya ga dama ya aike ni in kwanto rakumin kakanmu. Bai yi dariya ba, ya ci gaba da maganar Goje, kalmomin suna harɗewa a bakinsa. Na juya na ce wa Kawu, "Ka ga ɗan naka ya warke, tunda har ya fara iya shege." Kawu ma ya murmusa.

Can da na miƙe zan tafi, sai ya kamo bakin rigata. Hannun ba ƙarfi. Ya ce, "Sada, mutuwa za ni yi."

Na ce, "To ka yi sauri mana, in gaji garmar."

Wannan ita ce magana ta ƙarshe da na yi da shi yana ji. Na zare rigata daga hannunsa ina dariya, na yi sallar azahar, na hau babur don kada yamma ta yi mini a hanya. Sai da na wuce rabin tafiya na tuna cewa Sada ya kira ni, ba Ci-alli ba. Na ɗan rage gudu, wallahi na rage. Sannan na ce a raina in na koma zai yi shekara yana ba da labarin yadda ya tsorata bawansa, na ƙara wuta.

Washegari da safe aka kira ni aka ce ba ya amsawa. A mota muka kai shi babban asibiti. Likitan da ya karɓe mu bai yi mana faɗa ba, tambaya kawai ya riƙa yi. Yaushe rabonsa da fitsari? Muka dubi juna, har sai da matarsa ta ce cikin kunya ya kusa kwana biyu. Yaushe jikin ya yi sanyi haka? Yaushe ya fara magana ba kan gado? Na ce jiya da hantsi, kuma ni ne a gabansa. Ya kwance ƙyallen ƙafar, warin ya cika ɗakin. Suka sa masa ruwa, suka yi allurai ta jijiya, suka yi iya yinsu. Kafin la'asar Ilu ya cika.

Daga baya likitan ya zaunar da ni ya yi mini bayani, da ya ji ni malamin makaranta ne. Ya ce su a bakinsu sefsis suke kiran abin. Ƙwayar cuta ce ke shiga ta wani wuri, ko ta rauni, ko ƙuna, ko maruru, ko ciwon huhu, ko mafitsara, ko ta mahaifa bayan haihuwa ko ɓari. Jiki ya tashi yaƙi da ita, sai yaƙin ya wuce gona da iri, ya koma yana lalata ƙoda da hanta da huhu da ƙwaƙwalwar mai jikin. Ya ce rawayar ido alama ce kawai, cututtuka da yawa na kawo ta, a wajen Ilu hantar ce ta fara gazawa. Sanyin jikin da muka yi wa hamdala, jini ne ya kasa zagayawa. Maganar Goje kuwa ƙwaƙwalwa ce ta fara rikicewa. Ya ce wannan cuta da awa ake lissafinta, ba da kwana ba. Na tambaye shi, da jiya na kawo shi fa? Ya ce, "Rai na Allah ne, Malam, ba zan ce maka da ya rayu ba. Amma jiya muna da abin yi da yawa."

Na yarda da ƙaddara, na san kwanan Ilu ya ƙare. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya ce mu nemi magani, kuma ban ga inda aka ce a yi wa mara lafiya dariya a hau babur ba. Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne abin da na ji ana faɗa a zaman makoki. Wani dattijo ya ce ai an faɗa, mai shawara ba ya shan allura, ga shi an kai shi an yi masa ya tafi. Mutane suka gyaɗa kai. A nan na gane yadda wannan magana take rayuwa. Muna riƙe mutum a gida har sai ya zo gargara, mu kai shi, a yi masa allura, ya mutu, mu dawo mu ce allura ce. Mutuwar Ilu ba ta karya camfin ba, ƙarfi ta ƙara masa.

Nakan tambayi kaina me Ilu zai ce da zai leƙo ya ga yau. Gonarsa ta bakin daji ta koma saura, don babu mai kai kansa can yanzu. Shanun huɗa sun yi ƙaranci a garin, kowa ya san dalili. Hanyar da muke bi da wasa da dariya ta zama wadda ake addu'a kafin a hau, in la'asar ta yi kuma direba ba ya ko kallonka. Zai yi mamakin ganin waya a hannun kowace tsohuwa, da kemis a kowane lungu. Amma da zai shiga zauren da mara lafiya ke kwance, ba abin da zai ba shi mamaki. Man birkin yana nan, jiƙon yana nan, ana nan ana cewa a bari a gani zuwa gobe. Bambancin kawai, a da in ka yi jinkiri 'yan awoyi ka rasa. Yanzu in ka bari la'asar ta wuce, hanyar ma ta rufe, kai da asibiti sai wata safiyar.

Na kuma san zai yi mini dariya har ya riƙe ciki. Tun bayan rasuwarsa ban iya zuwa dubiya kamar mutane ba. Kowa na cewa sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ni kuwa sai in durƙusa in ƙirga numfashi, in taɓa tafin hannu, in tambayi mara lafiya yau wace rana, in juya ga iyalinsa in ce ya yi fitsari yau? A Ƙanƙara yanzu Malam Fitsari ake ce mini a bayan ido, wasu ma a gaban ido. Na yi magana a masallacin unguwa, na yi a taron iyayen yara, na yi a rumfar masu hatsi ranar kasuwa. Matsalata ita ce duk wanda ya san ni, da barkwanci ya san ni. Da na buɗe baki sai a fara murmushi ana jiran inda dariyar za ta ɓullo. Na shekara arba'in ina koya wa mutane kada su ɗauki maganata da gaske, kuma sun koya da kyau.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka bari in faɗa a nan inda ba a ganin fuskata. In mutum yana da wani ciwo a jiki, komai ƙanƙantarsa, ko mace ta haihu ko ta yi ɓari, sai ka ga ya fara magana a rikice ko barci ya yi masa nauyin da ba a saba ba, kada ka jira. In numfashinsa ya yi sauri alhali yana kwance, kada ka jira. In ya wuni bai yi fitsari ba, ko jikin ya yi zafi da makyarkyata, ko ya yi sanyi da danshi har tafin hannu da leɓe suka koɗe, wannan ba sauƙi ba ne. In kuma babban mutum ya dube ka ya ce yana jin mutuwa zai yi, ka yarda da shi. Ba sai alamun sun taru duka ba. A ɗauke shi a tafi asibiti a lokacin, a faɗa musu inda ciwon ya fara da abin da aka zuba a kai, ba tare da kunya ba.

Yanzu in zo ga abin da ya zaunar da ni a wannan benci. Hansai ƙanwar Ilu ce, don haka ita ma taubashiyata ce, kuma ita ta gaji bakinsa. Tana aure a wani ƙauye kusa da Sabuwa, tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Duk mako sai ta kira ni ta tambayi ko bawanta ya ci abinci. Kwana goma da suka wuce mai ya fallatsar mata a bayan ƙafa, aka lulluɓe ƙunar da gashin zomo kamar yadda aka saba. Ta faɗa mini a waya tana dariya, na ce ta je a wanke mata a asibiti, ta ce Malam Fitsari ya fara.

Shekaranjiya da safe na kira ta. Muryar tana yankewa, kalma biyu sai ta ja numfashi. Ta ce, "Halan Ilu ya dawo daga gona? Ka ce mashi tuwonshi na nan."

Ban ko rufe ajin da nake ciki ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, ni kuwa wannan ba tsumma ba ne, macijin ne da kansa. Na isa kafin azahar. Na tarar da ita a kwance, ido ya yi rawaya, hannu sanyi, ƙafar ta kumbura har ƙwauri, ga kwanon jiƙo a gefe. Na tambayi fitsari, babbar 'yarta ta ce tun jiya da rana.

Mijinta, Malam Barau, mutumin kirki ne, kuma ya san ni da wasa. Da na faɗa masa abin da ta ce mini a waya, na ce a nemo mota, sai ya yi dariya. "Haba Malam Sada, kai da ba'arka. Shawara ce, ga ido nan ka gani. Maganar Ilu kau, ai ka san ku da ita, tsokanarka ta ke."

Na ce, "Tun da Ilu ya rasu ka taɓa jin Hansai ta yi wasa da sunanshi?"

Sai ya ce, "To amma ka san abin da allura ta yi wa yayanta. Mi za ni ce ma babanta in na kai mashi gawa ta biyu?"

Na girme shi da shekaru, amma na cire hulata na durƙusa a gabansa a tsakar gida, 'ya'yansa suna kallo. Na ce ba allura ta kashe Ilu ba, ni ne na gan shi da rai na tafi ina dariya. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko matata. Na ce in Hansai ta mutu a asibiti, ya ce ni na kashe ta, ya faɗa wa Kawu, ya faɗa wa duk garin, na ɗauka. Ina tsammanin ba maganar ce ta motsa shi ba. Bai taɓa ganin Ci-alli yana kuka ba, shi ke nan. Ya shiga ɗaki ya ɗauko mayafinta.

Mun iso ana kiran la'asar, a motar ƙarshe da ta yarda ta taso. Tun daga lokacin nake nan. Likita ya ce irin ciwon Ilu ne, ya ce mun zo a makare amma ba kamar wancan ba, sauran magana tana ga ƙodarta. Na san abin da na ɗora wa kaina. In ta tashi, wataƙila gida ɗaya ko biyu a ƙauyen su daina jin tsoron allura. In ba ta tashi ba, Kawu ya rasa ɗa ta dalilin dariyata, ya rasa 'ya ta dalilin nacina, kuma za a yi shekara hamsin ana kafa hujja da sunan Hansai a hana wasu zuwa asibiti. Ina tsoro. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kuma duk da haka da za a mayar da ni tsakar gidan nan, sake durƙusawa zan yi.

Me ya rage na Ilu bayan shekara bakwai? Garmar da na ce zan gada tana jingine a bayan rumbun Kawu, tsatsa ta cinye bakinta, ban taɓa iya kallonta sosai ba. Kunyoyinsa ruwa ya shafe su tun daminar farko. 'Ya'yansa sun girma, ƙaramin ba ya tuna muryarsa. Sunan da ya raɗa mini ya rage, sai kuma waɗannan tambayoyi marasa kunya da nake yawo da su gida-gida. Ba gadon da na roƙa ba ne, amma shi ya bar mini.

Yau da safe malamar asibiti ta ɗaga jakar da aka sa wa Hansai ta nuna mana ɗan fitsarin da ya taru a ciki. Bai kai rabin kofi ba. Ta ce alama ce mai kyau, amma kada mu saki jiki tukuna. Da aka bar mu muka shiga, Hansai ta buɗe ido, ta dubi mijinta, ta dube ni, ta ce da ƙyar, "Ci-alli, wa ya ba bawa izinin zama bisa kujera gaban uwargijiyarshi?"

Malam Barau ya fashe da dariya har da hawaye. Ni ban yi ba. Na taɓa jin irin wannan daga bakin mai mutuwa, na yi dariya. Na matsa kusa na tambaye ta ina muke, ta ce asibiti. Na tambaye ta sunan autarta, ta faɗa. Sai na yi tambayar da ban so yi ba. Na ce, "Hansai, ina Ilu?"

Ta dube ni. Hawaye ya gangaro ta gefen idonta zuwa kunne. Ta ce, "Ilu ya rasu. Bana shekara bakwai. Ba a wasa da wannan, Ci-alli."

Na ce mata na sani.